Darasi Na Goma Sha Huɗu: Saƙa Da Rini A Cikin Gida

Ku sani, ya ku 'yan'uwa masu neman ilmi, bayan ci da sha babu wata bukata da ta tsananta a kan ɗan Adam kamar sutura, domin da ita yake rufe al'aurarsa ya tsaya gaban Ubangijinsa, da ita yake kare jikinsa daga ɗari da rana, kuma a cikinta ake naɗe shi ranar da ya bar duniya. Saboda haka ne Imamu Gazali, a cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddini, ya lissafta saƙa tare da noma cikin sana'o'in da suke farilla ta kifaya, watau waɗanda idan wasu suka tsayu da su an ɗauke wa saura nauyi, idan kuwa jama'a suka taru suka yi watsi da su baki ɗaya, to, laifi ya hau kan kowa. Ba mu ce wanda ya sayi atamfa a kasuwa ya yi zunubi ba. Abin da muke nufi shi ne, sana'ar da malamai suka ba ta wannan matsayi ba ta cancanci a bar ta ta mutu a hannun tsofaffi ba, alhali kuwa audugarta da ganyen rininta suna tsirowa a bayan gidajenmu.

Ƙasar nan ta Muri, wadda Hammaruwa ɗan'uwan Buba Yero na Gombe ya kafa wajen 1817, wadda kuma Sarki Muhammadu Nya ya kafa mata sansani nan Jalingo a 1893 har ya zama mazaunin sarauta, ƙasa ce da kowace ƙabila a cikinta take da nata tufa. Jukunawan Wukari suna da kyadze, tufar alfarma, kuma sun shahara da zane mai ɗauri wanda ake tsomawa a baba. Abakwariga, waɗanda asalinsu Hausawa ne da suka daɗe cikin Jukunawa, an san su da masaƙa da marina. Tibi na kudancin jihar nan suna da anger mai ratsin baƙi da fari. Mumuye kuwa na wajen Zing da Yorro suna saƙa langtang, wanda yake shiga cikin dukiyar aure. Bal ma tufa ta taɓa zama kuɗi a wannan nahiya. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya isa Yola a watan Yuni na 1851, ya tarar ana ciniki da ƙyallayen saƙa, waɗanda Fulani ke kira leppi. A farkon shekarar ta 1851 ya riga ya sauka Kano, inda ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a fitar da su zuwa Timbuktu da Gat da Tarabulus ba su kasa wuri miliyan 300 a shekara ba. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne, duk wannan dukiya ba daga manyan ma'aikatu irin na Turai take fitowa ba, daga gidaje take fitowa, kowa yana aikinsa a tsakiyar iyalinsa.

Yadda al'amarin ya juya kuwa ba ɓoyayye ba ne. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a ma'aikata ba tare da ganye ba. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar neman auduga a Manchester. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya riƙa kwasar auduga yana kawo akoko da alawayyo. A 1957 aka buɗe masaƙar zamani a Kaduna, ita ma daga baya kayan ƙasashen waje masu araha suka durƙusar da ita da 'yan'uwanta. Masaƙin gida ya tsinci kansa yana tsere da inji, wanda kuwa ya yi tsere da inji wajen sauri da araha ya sha kaye tun kafin a tashi.

Kaɗi

Asalin tufa zare ne, asalin zare kuwa hannun mace. Idan an ɗebo auduga daga gona sai a tsince ta, a gurje ta a kan dutse da ɗan sandan ƙarfe don a fitar da gurya, a shiɓe ta da baka har ta yi laushi ta tashi, sa'an nan a naɗe ta a riƙe a hannun hagu. Da hannun dama ake murza mazari, wanda gululun yumɓu ke ba shi nauyi, mai kaɗi tana taɓa alli lokaci lokaci don kada yatsu su yi santsi. Zare iri biyu ake bukata, kuma wajibi ne ɗalibi ya bambance su tun yanzu: akwai zare siriri mai murɗi da yawa, shi ake miƙewa a tsaye domin shi ke ɗaukar wahalar ja, akwai kuma abawa, mai kauri da taushi, ita ke ratsawa a kwance ta cika jikin tufa. Wanda ya yi tsaye da abawa zai wuni yana ƙulli.

Haƙiƙa kaɗi shi ne ya fi kome cin lokaci, mace ɗaya ba ta iya ciyar da masaƙi ɗaya da zare, shi ya sa a da kowace tsohuwa da kowace amarya take da mazarinta. Wanda bai sami mai yi masa kaɗi ba, babu aibi ya sayi zaren kanti ya fara koyo da shi, da sharaɗin ya tabbatar auduga ce zalla, domin zaren roba ba ya shan rinin ganye. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kusantar da bakin zaren ga wuta, auduga takan ci ta bar toka mai laushi, roba kuwa sai ta narke ta dunƙule.

Saƙa

Masaƙa iri biyu ce a ƙasarmu. Ta maza ita ce wadda masaƙi ke zama ƙarƙashin rumfa ko inuwar itace, bayan ya yi wadari, watau ya kewaya turaku da zare har ya sami tsawo da yawan da yake so, ya zura zaren cikin allera biyu da matsefi, ya ɗaure ƙarshensa can nesa ga kunkuru, wani katako da aka aza wa dutse don ya riƙe zare a miƙe. Idan ya taka mataki ɗaya sai rabin zaren ya ɗaga rabi ya sauka, ya jefa ƙoshiya ta ratsa tsakani, ya jawo matsefi ya buga, ya taka ɗaya matakin, haka har ƙwarya, watau siririn ƙyallen da yake saƙawa, ta yi tsawo. Faɗin ƙwarya bai cika wuce tafin hannu ba, ta turkuɗi ma ba ta fi faɗin yatsa ba sai kaɗan. Da waɗannan ƙwaryoyi ake ɗinka fari da saƙi da bunu da luru da barage.

A nan lissafin da kuka koya zai yi muku rana. Idan faɗin ƙwarya inci 4 ne, kana kuwa son zane mai faɗin inci 48, to, ƙwarya 12 kake bukata. Idan tsawon zanen yadi 2 ne, ka ga yadi 24 ke nan za ka saƙa. Sai dai kada ka yi wadarin yadi 24 cif, ka ƙara wani abu, domin farkon zare da ƙarshensa ba su saƙuwa, kuma tufar auduga takan ɗan tsuke in ta sha ruwa.

Masaƙar mata kuwa ita ce ta fi dacewa da maƙasudin wannan darasi, saboda ba ta bukatar fili, ba ta fitar da mace daga gidanta. Itace biyu ake jinginawa ga bango, a gicciya ɗaya sama ɗaya ƙasa, a kewaya su da zare, a ɗaura allera ga sanda guda wadda ake ja da hannu, a riƙa zura abawa ana danne ta da wani faffaɗan itace mai siffar takobi. Aikinta ya fi jinkiri, amma abin da take fitarwa ya kai faɗin kamu guda, har biyu ko uku in an haɗa sun zama zane ko gwado, guda ɗaya kuwa ya isa majanyin goyo. Babbar illar mai koyo ita ce jan abawa da ƙarfi a baki, sai tufa ta riƙa tsukewa tana hawa, ta fara da faɗi ta ƙare da ƙunci. Maganin wannan shi ne a auna faɗin da kara a kai a kai.

Rinin baba

Yanzu mun zo ga sashen da ya fi kowanne hikima, wanda kuma mafi yawan masu koyo suke yanke ƙauna a kansa don rashin sanin sababi. Tsiro biyu ke ba da shuɗi a ƙasarmu: baba, ɗan ƙaramin tsiro mai ƙananan ganye wanda ake shukawa a gefen gona, da talaki, wanda ke yaɗo a daji, ya fi yawa ta kudu inda ruwa ya wadata. Ana yankan baba lokacin da ya fara fure, talaki kuwa sabon tohonsa ake ɗiba. Sai a kirɓa ganyen a turmi, a cura shi, a shanya ya bushe. Busasshen curi yakan daɗe a ajiye bai lalace ba.

Marinan Kano, waɗanda ake cewa karofinsu na Ƙofar Mata ya samo asali tun 1498, rijiyoyi suke haƙawa masu zurfin da ya fi tsayin mutum, su shafe su da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Mai aikin gida ba ya bukatar wannan. Babbar randa ta ishe shi, a binne rabinta a ƙasa inda rana ke samu da hantsi. Da farko a tara tokar itace mai kyau, a zuba a tukunya mai huji a gindi, a tsiyayar da ruwa ta cikinta kamar dai yadda ake tace tokar miya, har ruwan ya yi santsi a yatsa. A farfasa curin baba a cikin randa, a zuba ruwan tokar, a rufe, a riƙa motsawa a hankali da muciya safe da yamma. A zafin Jalingo na watan Maris da Afrilu mako guda kan isa. Da hunturu kuwa sai an ƙara haƙuri, a kuma lulluɓe randar da buhu da dare. Alamar nuna ita ce kumfa mai ƙyalli, shuɗi da ɗan ja-ja, ta taru a sama, ruwan da ke ƙarƙashinta ya koma kore-kore mai ɗan rawaya, ga kuma wari wanda duk wanda ya taɓa wucewa ta marina ba zai manta da shi ba.

Ga sirrin abin. Shuni a kan kansa ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga cikin zare, sai dai ya zauna a bayansa wanki ɗaya ya tafi da shi. Amma akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna tare da ganyen, waɗanda idan suka sami ɗumi da ruwan toka sai su rayu su yawaita, su cinye iskar da ke cikin ruwan, su juya shunin zuwa wata kama da take narkewa. A wannan kama yake kutsawa cikin zare. Da an fito da zaren iska ta buge shi, sai shunin ya koma kamarsa ta asali a can ciki, ya rasa hanyar fita. Shi ya sa za ku ga abin da aka tsamo kore yana rikiɗa shuɗi a gaban idonku. Kakanninmu sun riƙe wannan aiki ɗaruruwan shekaru kafin masana su bayyana dalilinsa, kuma duk ƙa'idodin da suka bar mana daga nan suka fito. Randa abu ne mai rai, hukuncinta hukuncin kindirmo: sanyi na kwantar da ita, ƙazanta na ɓata ta. Kada a fantsama ruwan, kada a matse zare daga sama ya riƙa zuba yana kumfa, domin iskar da ta rina zaren ita ce kuma take kashe randar. Toka in ta yi kaɗan rini ya yi tsami ya ruɓe, in ta yi yawa ta kashe halittun nan.

Kafin a tsoma zare ko ƙyalle a dafa shi da sabulu ko ruwan toka, domin sabuwar auduga tana da wani maiƙo da ke hana ta shan ruwa, kuma a tsoma shi yana jiƙe. A bar shi ɗan lokaci ƙarƙashin ruwa ana murza shi da hannu, a fito da shi a baza a inuwa har koren ya gushe, sa'an nan a mayar. Duhun launi daga yawan tsomi yake zuwa, ba daga daɗewa a ciki kaɗai ba: tsomi biyu ko uku su ba da shuɗi bau, wanda ke son baƙi wuluk irin na rigar kore da rawanin ɗan Kura sai ya yi ta maimaitawa kwana da kwanaki. Ƙyallin nan da Buzaye ke so kuwa a mabuga ake samunsa, inda ake barbaɗa garin shuni a yi ta dukan tufa da taɓarya a kan gungume. Idan randa ta ƙare kada a zubar da laka ta gindi. A cura ta a ƙone, ita ce katsi, tana shiga sabon rini.

Mai son ado sai ya ɗaure ƙyalle kafin tsomi. A ƙunsa tsakuwa ko ƙwayar wake a ɗaure tam da zaren tukurwa, ko a yi ɗinki a tsuke, inda duk ɗaurin ya kama ya fito fari. Wannan ne aikin da mutanen Wukari suka gwanance a kai, kuma ya dace ɗalibi ya nemi tsohon zanensu ya duba da idonsa.

Sauran launuka

Baba yana kama auduga ba tare da mataimaki ba. Galibin sauran itatuwa kuwa sai an shirya musu zaren: a jiƙa shi kwana guda a ruwan bagaruwa da aka dafa, a matse, sa'an nan a sa shi a ruwan alif, watau alam ɗin nan da ake tace ruwa da shi, gwargwadon kashi ɗaya cikin goma na nauyin zaren ko fiye kaɗan. Bayan haka saiwar rawaya da ganyen marke suna ba da ruwan ɗorawa, ɓawon maɗaci da goro suna ba da ƙasa-ƙasa, karan dafi da kanwa suna ba da ja, ko da yake jan nan ya fi kama fata, shi ya sa dukawa suka fi kowa amfani da shi. Bagaruwa in ta haɗu da ruwan da tsohon ƙarfe ya yi tsatsa a ciki sai ta ba da baƙi, amma a yi hattara, ƙarfe in ya yi yawa yana cin zare. Kore kuwa ba shi da itace nasa. A fara tsomawa a baba, a bi da rawaya. Gangamau yana ruɗin mai koyo, don launinsa na fitowa nan take da kyau, amma rana na koɗar da shi, sabulu na juya shi ja. A bar shi ga miya.

Akwai mas'ala biyu da ɗalibai sukan tambaya. Ruwan da rini ya canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya fita daga ruwa muɗlaƙi, ba a alwala da shi, ba a wankan tsarki. Launin da ya kama hannun marini kuwa, muddin babu wani kauri da ke hana ruwa isa ga fata, hukuncinsa hukuncin lalle ne. Sai kuma kiyaye lafiya: randa ta kasance a rufe saboda yara, tukunyar rini ba ta komawa madafa, kuma masu aiki da soda da garin rini na kanti, wanda ke ƙona fata ya shaƙe numfashi, kada su kwarara ragowarsa kusa da rijiya ko a kwatar da ke gangarawa Mayo Gwoi da Lamurde, inda bayin Allah ke wanka da ban ruwan lambu.

Ciniki

Mun faɗa a baya cewa inji ba a tsere da shi wajen araha. Wanda ya kai zanen hannu babbar kasuwar Jalingo ya baje shi kusa da atamfa yana jiran a taya su kuɗi ɗaya, zai koma gida da kayansa. Masu sayen wannan kaya daban suke: uwar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, masu sarauta da mahaya ranar hawan Salla, masu zuwa bukukuwan gargajiya irin su kamun kifi na Nwonyo a Ibi, da baƙon da ke son tsarabar da ba zai samu a garinsu ba. Waɗannan abin da suke biya shi ne aikin hannu da rinin gaskiya, saboda haka wanda ya rina da garin kanti ya ce baba ne, ko ya cusa zaren roba a tsakiyar saƙa ya yi shiru, ya aikata algus, wanda Shari'a ta haramta, ya kuma ɓata kasuwar maƙwabtansa. In ka haɗa, ka faɗa. Wajen yanka farashi kuma a rubuta kuɗin zare da na itace da na alif, a ƙara ladan kwanakin aiki, domin galibin matanmu wannan na ƙarshen suke mantawa, su sayar da wahalarsu kyauta suna zaton riba suka ci.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya nemi dattijo ko dattijuwa a unguwarsu wanda ya taɓa kaɗi ko saƙa ko rini, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi sunayen kayan aikin da harshensa, ko Hausa ko Fulatanci ko Mumuye ko Jukun, ya rubuto su a littafinsa. Sa'an nan ya yanki farin ƙyallen auduga gida biyu, ya jiƙa ɗaya a bagaruwa da alif ya bar ɗaya haka, ya dafa su tare a ruwan ganyen marke, ya wanke su da sabulu, ya zo da su aji. Ya kuma lissafo: in faɗin ƙwarya inci 5 ne, ƙwarya nawa za a haɗa a sami gwado mai faɗin inci 60, kuma yadi nawa za a saƙa in tsawonsa yadi 3 ne?